Sunan Mai Haƙar Rijiya

Har yau idan na ji ƙamshin gyaɗa ana gasa ta a toka, sai hankalina ya koma rugarmu da ke bayan Roni, gindin murhun Dada. Dada kakata ce, mahaifiyar babana. Bafulatana ce doguwa, mai ƙaramar murya da kaifin baki. Lokacin sanyi, da an ci tuwon dare sai ta tura karan dawa a wuta, ta binne gyaɗa a gefen toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata ta kwana a bakina." Mu kuma mu amsa, "A sake ta ta sha iska." Wanda ya yi gyangyaɗi, rabonsa na gyaɗa ya zama na mai ido biyu.

Babana soja ne, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. In ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa ƙwaryar da ke hannunta. In ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce "wancan". Ko ranar da abokan aikinsa suka zo da labarin ya rasu a dajin da aka tura su, an kuma binne shi a can, Dada ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ɗauki ƙwarya ta tafi tatsa. Da ƙuruciyata na ɗauka ba ta son sa ne, na kuma daɗe ina jin haushinta a kan haka.

Bayan takaba mahaifiyata ta koma gidansu a Gwiwa, ni kuma aka bar ni a gidan ubana, a hannun ƙanensa Baffa Sale. A shekarar na gama firamare. Sojojin da suka zo ta'aziyya sun ce hukumarsu tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki. Abin da ake so kawai, babba daga gidan ya kai ni bariki a Kano ya shaida cewa ni 'yarsa ce. Baffa ya ce atafau. Ba mugu ba ne, yana son wansa kamar me. Amma a ganinsa wannan kuɗin jini ne, wanda ya karɓa kamar ya sayar da ɗan'uwansa ne.

"Ni zan kai ta makarantar kwana da gumina," in ji shi. "A bari dai maruƙan nan su tasa."

Shekarar kuwa ciwo ya shiga shanu. 'Yan ajinmu suka ɗauki akwatunansu suka tafi, ni ina gida ina sussukar gero. Ba wanda ya isa ya sake ta da maganar. Ita kuwa Dada, wadda ta isa, kunya ta ɗaure mata baki, don ba a ga uwar da za ta tsaya tana neman wa ɗan farinta haƙƙi a gaban mutane ba.

A cikin sanyin shekarar ne ta fito da wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Baffa yana can gefe kamar kullum, yana tufkar igiyar maruƙa, yana yi kamar kunnensa ba ya wurinmu.

Ta ce an yi wani gari da ba shi da ruwa, sai wani kududdufi mai nisa da jakuna ke tsomo ƙafa a ciki. Sai wani mutum ya ɗauki diga ya fara haƙa rijiya. Ya haƙa, ya haƙa, har ba a jin muryarsa sai an kasa kunne. Ranar da ruwa ya ɓullo, gefen rijiyar ya rufta da shi. Mutanen gari suka zaro shi suka yi masa sutura, suka gyara bakin rijiyar. Ruwa garai-garai, kowa ya sha, har baƙi da fatake. Mutanen gidansa ne kaɗai suka rantse ba za su taɓa shi ba, wai ran ɗan'uwansu ne a ciki. Don haka kullum 'yarsa takan ɗauki tulu, ta wuce rijiyar ubanta kai a sunkuye, ta tafi kududdufi. Rannan sai wani kwaɗo mai suna Tanko ya leƙo daga cikin laka. A nan Dada takan toshe hancinta ta yi muryar kwaɗo, mu yi ta dariya.

"Ke 'yar nan, ni dai kwaɗo ne, laka gadona ce. Ke kuma fa? Da ubanki yake haƙa, don wa ya ce yana yi? Don jakunan fatake?"

Daga nan sai ta tsaya ta fara tonon gyaɗa. Mu ce, "Sai me, Dada?" Ta ce, "Bakina ya gaji." Haka ta yi ta maimaita mana ita dare bayan dare, kullum a wurin kwaɗon nan take tsayawa, har ta ishe mu.

Wani dare na kasa haƙuri. Dama ina cike da ita, sai na ce cikin tsiwa, "Dada, wai wace irin tatsuniya ce wannan ba wutsiya? Har kwaɗo kin raɗa masa suna, shi mai haƙar fa? Ba uwa ce ta haife shi ba?"

Ta tura kara a wuta. Na zaci maficin da ke hannunta zai sauka a kaina. Sai ta ce a hankali, "Haruna." Ta ɗaga murya yadda za ta kai inda Baffa yake. "Sunansa Haruna. Ni na haife shi."

Igiya ta tsaya a hannun Baffa. Matarsa ta rufe baki da tafin hannu. Mu yara ko motsi ba mu yi ba, don mun san mun ji abin da ba a ji.

"Sale," in ji Dada, "ƙarshen tatsuniyar yana wurinka. Ni nawa ya ƙare."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ta shige ɗaki. Gyaɗar ranar a toka ta ƙone, ba wanda ya tuna da ita.

Da safe na fito na tarar da Baffa cikin rigarsa ta zuwa Juma'a, yana goge babur. Bai dube ni ba ya ce, "Hauwa, je ki wanke ƙafarki." Muka ajiye babur a Kazaure muka hau mota zuwa Kano. Can a bariki aka tambaye shi ko ni wace ce. Ya ce, "'Yar wana ce."

Da wannan tallafi na yi sakandare, na karanta aikin ungozoma. Shekara da shekaru na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada girman kai ko baƙin ciki ya sa a hana maraya abin da ubansa ya sha wuya a kai. Shi nake gaya wa duk matar soja da ta zo asibitinmu da marayu tana jin nauyin zuwa neman haƙƙinsu. Gaskiya ne kuwa, ban canza ra'ayi ba.

Amma bara na haifi ɗana na fari, aka sa masa sunan babana, muna kiransa Abba. Ni da nake taƙama da boko, ina cewa kunyar ɗan fari ta zama tsohon yayi, ranar da na kai shi rigakafi tare da surukata aka tambaye ni sunansa na yanka, sai harshena ya yi nauyi. Surukata ce ta amsa. Ga shi kuwa nawa yana da rai, yana wutsil-wutsil a cinyata.

Dada ta rasu ba ta ga Abba ba, ban kuma taɓa roƙonta gafarar tsiwar da na yi mata ba. Sai a layin rigakafin nan na gane irin son da take yi wa babana. Tsohuwar nan ba ta da saniyar da za ta sayar don ni. Abu ɗaya take da shi, sunan ɗanta, wanda ta ɓoye a ƙirjinta tun ranar da ta haife shi, shi kuma ta fitar a gaban jikokinta ta sa ni makaranta.