Baƙon da Na Kawo wa Kifin Baba

Na manta rabin abin da na karanta a kwaleji, amma makon da na kusa kashe kifin Baba da ilimina ba zai taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina koyar da kimiyya a sakandaren da ke kusa da ƙauyenmu, gefen Tsanyawa. Shanyewar ɓarin jiki ta raba Baba da gonarsa, ya koma wuni a ɗaki yana kallon bango. Sai na sayo masa akwatin gilashi daga Kano, na zuba ƙananan kifaye uku masu launin ruwan zuma, irin da ake kira gurami. Na zaɓe su ne don suna hawowa saman ruwa su shaƙi iska, ba sa buƙatar injin hura iska, ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Akwai guda mai baƙin maƙoshi da kan zo ya taɓa yatsan Baba. Saboda shi Baba ya fara ɗaga hannun da likita ya yi ta fama ya ɗaga.

Ganin haka na ce bari in ƙara. Na koma wajen mai kifin, na yi zaɓe irin na ragon layya: wanda ya fi girma, ya fi sheƙi. Wani shuɗi, namiji, ya kusa tafin hannu.

"Malam, wannan fa ba ya zama da ƙanana," in ji mai kifin.

"Ba gurami ba ne? Ai danginsu ɗaya a littafi."

Ya ɗaure mini shi a leda.

Cikin kwana biyu baƙon ya mallake saman ruwa. Duk wanda ya hawo shan iska sai ya koro shi ƙasa. Rana ta uku muka tarar ɗaya ya mutu, mai baƙin maƙoshi kuma ya maƙale a kusurwa, jela a yage. Baba ya saka yatsa, ba wanda ya zo. Ya mayar da hannunsa cinya, ya ƙi shan kunu.

Ni kuwa na duƙufa auna zafin ruwa, kamar ruwan ne mai laifi. Inna ta tsaya a kaina.

"Malamin kimiyya, ka taɓa ganin na zuba talotalo a akurkin 'yan tsaki, wai don duk fuka-fuki gare su?"

"Inna, wannan daban ne."

"To dabancin naka ya hana babanka kunu. Matsa."

Da rariyar tankaɗe ta kwaso shuɗin, ta sake shi a tsohon bahon wanki. Sai da aka yi kwana huɗu mai baƙin maƙoshin ya yi ƙarfin halin fitowa. Ranar Baba ya shanye kununsa har ya nemi ƙari.

Tun daga nan, kafin in haɗa halittu biyu a waje ɗaya, ba na tambayar danginsu. Halinsu nake tambaya, kuma wanda yake wuni da su nake saurare, ko bai taɓa shiga aji ba.