Kabewa a Gindin Rijiya

A shekarun da ake tsoron hari, ba mai son matarsa ta fita bayan ganuwa ɗibar ruwa. Shi ya sa maigidana ya ɗauki dagi ya fara haƙa rijiya a tsakar gidanmu, a wani ƙauye kudu da Malumfashi. Shi ke ciki, ƙaninsa na sama yana jan ƙasa a kwando.

Wannan ƙanin miji abokin wasana ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Yana da wata ɗabi'a: in ƙarfen dagi ya dakushe aka turo shi sama, sai ya gyara masa baki a dutse, ya ce "Yaya, ga shi nan," ya sake shi. Da ramin bai wuce tsayin mutum ba, maigida cafewa yake yi. Da ya kai gaba uku, sai dai ya manne da bango ƙarfen ya wuce.

Ni kuwa a gindin giginya na girma. Na san ɗan giginyar da ya faɗo daga doguwa yakan lotsa ƙasa, na gajera kuwa sai dai ya mirgina. Na kuma kasa kunne duk sanda ya saki ƙarfen. Zurfi ya ninka, amma jiran ƙarar faɗuwar bai ninka ba. Ashe abin ƙara gudu yake yi yana tafiya. Tsoro ya kama ni sosai, don kan uban 'ya'yana ne a ƙasan.

Na ce, "Kai, ka riƙa zura mishi da igiya."

Ya kwashe da dariya. "Matar Yaya, nauyin da gare shi a hannuna shi ne a ƙasa. Ko a hanya yake cin tuwo?"

Matsalar abokin wasa ke nan, ko kuka kike yi sai ya ce salo ne. Na gaya wa maigida, ya ce in bar maza da aikinsu. Raina ya ɓaci, amma na san ina da gaskiya.

Da suka fito cin abinci, na ɗauko kabewar da nake ɓoyo tun kaka. Na ajiye ta a ƙasa, na ce wa ƙanin mijina ya saki ƙarfen a kanta daga kafaɗarsa. Ya saki yana yi mini gwalo. Ɗan tabo kawai ta yi. Na sa ta a kwando na zura ta har gindin rijiya.

"To, gwani, sake yanzu."

Ya leƙa, ya daidaita, ya saki. Da ya jawo kwandon, ƙarfen ya raba ta biyu, 'ya'yanta sun watsu, har gindin kwandon ya huje. Maigida ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya shafa tsakar kansa.

Na ce, "Girmanta ɗaya da kan yayanka. Na gwada."

Yaron nan ya zauna ya murza igiyar rama da kansa, da ita aka gama rijiyar. Miyar kabewa muka sha da yamma, shi ya ce ya ƙoshi.

Mun ci gaba da wasanmu har muka yi furfura. Amma ko goro yayansa ya roƙa, sai ya tashi ya taka ya sa masa a hannu.