Duniya a Bayan Motar Hatsi

Ni mai fentin mota ne. Ba yabon kai ba, daga Birnin Kudu har Gwaram, duk zakin da ka gani a bayan babbar mota ya wage baki kamar zai haɗiye ɗan acaɓa, aikin hannuna ne. Da zakin nan na yi aure, da shi na zagaye gidana da katanga.

Sai wani malami ya fara karatu a masallacin tasha bayan la'asar, ya ce zana abu mai rai haramun ne. Ban ja da shi ba, don malami ne na gaske, amma wallahi na ji haushi. Masu motoci suka riƙa janye jiki. Wanda ma ya zo sai ya ce in rubuta masa addu'a in zagaye ta da furanni. Furanni fa, ni da gemuna. Fenti ya soma bushewa a gwangwani, har na fara tunanin komawa gonarmu ta Kwandiko, alhali rabona da fartanya tun ina saurayi.

Ana cikin haka wani Alhaji mai kai hatsi Kano ya kawo min sabuwar motarsa.

"Ina son abin da za a tsaya a kalla," in ji shi, "amma ban da mai rai. Malam zai zo ya duba. In ba ka iya ba, a Kano za a yi min."

Na san in motar nan ta tafi Kano, rumfata ta rufe ke nan.

Lokacin 'yata ta fari, mai karatun kimiyya, tana gida hutu. Ta ga na kasa cin tuwo, sai ta miƙo min wayarta. Hoton duniya ne, wai tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga can sama. Ga ta nan kewayayya, shuɗiya, gajimare ya naɗe ta, tana tsaye ita kaɗai cikin baƙi. Na daɗe ina kallo.

Kashegari na shafe bayan motar da baƙi ƙirin. Na ɗaura zare a ƙusa na fitar da da'ira. Shuɗin sai da na yi masa hawa-hawa kafin ya yi zurfin da nake so. Gajimaren kuwa burushi ya ƙi shi, sai da soson wanka na dangwala shi. Direbobi suna wucewa suna tsiya, wannan ya ce kankana ce ta ruɓe, wancan ya ce ƙwallon yara. Na ce su matsa min daga haske tun ban shafa wa wani fenti a riga ba.

Ranar dubawa Alhaji ya zo da malamin, mutane suka cika tasha. Malam ya gyara tabarau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen.

"Wannan ita ce duniyar da muke kai?" ya tambaye ni.

"Ita ce, Allah gafarta Malam."

"To, ina abin da ya riƙe ta? Ko mantawa ka yi?"

"Ban manta ba. Haka aka ɗauko hoton, ba komai a ƙarƙashinta."

Ya ja da baya, ya cire tabarau ya goge ido da bakin rawani, bakinsa na motsi da tasbihi. Alhaji ya dube ni, na dube shi. Ni dai na riga na sallama, na ɗauka wani laifin aka gano.

Sai Malam ya juyo, ya kama hannuna, duk da fentin da ke jiki.

"Bangon makarantata fari ne, ba komai a kai," ya ce. "Yaushe za ka samu sarari?"