Baragurbin Alhaji Mani

Duk wanda ya zauna Jega ya san ƙarar makullan Alhaji Mani. A igiya yake zuba su ya ɗaura a ƙugu, kacau-kacau, sai ka rantse shanun Fulani ne sunka shigo gari. Kowace safiya sai ya buɗe shagunansa na bakin hanyar Aliero kaf, ya share, ko da babu kowa ciki sai ƙadangaru.

Lokacin da kasuwa ta faɗi, 'yan haya sunka watse, ya iske ni gindin dalbejiya ina hamma.

"Ɗan Tani, tashi. Na ba ka shagon tsakiya, ka zama mai gyaran rediyo."

"Alhaji, ni ko tasha ban iya kamowa ba!"

"Wa ya ce ka gyara? Ba ka ga in za a kwashe ƙwan kaza ana bar mata guda, don ta dawo ta ƙara ba? Kai ne gudan."

Ya tara mani matattun rediyo, na zauna ina ɓata fuska kamar injiniya. Tun ran nan sunana ya koma Baragurbi, wato ƙwan da ya lalace a gurbi. Ni da aji biyu na firamare ya gagara, wa zan kai ƙara?

To, Allah ya kawo sauƙi. Albasa ta yi daraja, masu waya da masu POS da masu kemis sunka dinga neman shago kamar ruwa a rani. Wani yaro daga Maiyama ya zo da mota mai sheƙi, ya tura ƙofar shago da ƙafa. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Mi ƙofar ga ta yi maka?"

"Baba, ko nawa ne zan biya."

"Tahi ka biya wanda ƙofatai ba ta da uba."

Sai ya ba da shagon ga wani tela da ya cire takalmi kafin ya shiga. Telan kuwa, da ya ga fuska, ya roƙi a shafa wa bango fenti. Kai! Alhaji ya riƙe baki.

"Fenti? Cika shi da kaya. Ran da ka ga bango, kasuwarka ce ta mutu, ba fentina ba."

Layi ya cika maƙil, saura shagona. Sai wani babban ɗan kasuwar albasa na Aliero ya nace sai an ba shi nawa, ya yi sito. Nasiru, babban ɗan Alhaji, har ya fara auna ƙofata da ido. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Alhaji, bai tashi ba.

Bayan sadakar bakwai na ɗaure rediyona a buhu, na zauna jiran kora. Ina zan nufa da tsufana? Sai ga kacau-kacau. Wallahi na zaci Alhaji ne ya dawo! Ashe Nasiru ne da igiyar a hannu.

"Kawu, ina za ka da buhu?"

"Gindin dalbejiyata, ɗana. Kaza ta cika gurbi."

Ya kwance makulli guda ya danƙa mani.

"Baba ya bar wasiyya. Ya ce kada wanda ya taɓa Baragurbi, in ya fashe wari zai kore mana 'yan haya."

Na yi dariya har hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Yanzu ni nake share layin da safe.

Allah ya jiƙan Alhaji Mani. Yadda bai bar ƙofa a rufe ba, Allah ya buɗe masa ta Aljanna. Amin.