Harajin da ya cinye tikitin Malam

Ina zaune ni kaɗai a gidan 'yata a Guangzhou ta ƙasar China, sai ga kiran maigidana daga Kano. An sallame su daga aikin jirgin ƙasa, ya kuma yi alkawarin biyo ni da kuɗin sallamar.

"Hajiya, kuɗin sun shigo, amma ashe sai an cire haraji. Ba za su kai tikiti ba."

Na ce, "Malam, shekara talatin kana kai mutane garuruwa, yau kai ka rasa mai kawo ka?"

Muka yi dariya. Da ya kashe wayar, har ƙarar firji nake ji.

Jama'a, wanda aka sallama ma sai ya biya haraji? Ku amsa mini, ko na samu abokan hira.