Ɗan Toka da Kitse

Dafa sabulun salo wahala ce, kada wani ya gaya maka ba haka ba. Ruwan toka ya ci maka hannu, hayaƙi ya ci maka ido, muciya ta fi ka nauyi. A haka na tashi a Jugu, 'yan shekaru bayan Faransa ta tattara, a gidan kakata Iya Gambo mai sabulu.

Abin da ya tuno mini da ita ɗana ne, Bashiru. Ya samu karatu a Turai, na ce ban yarda ba. Na ga waɗanda suka tafi, sun dawo ko sunansu ba sa faɗa daidai. Shi kuma ya ce ba zai taka ko'ina ba sai da albarkata. Muka zauna gida ɗaya a unguwar Albarika, nan Paraku, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Iya Gambo ba ta ba da tatsuniya a banza. Sai an yi isha'i, tukunya na kan wuta, ta dube ni ta ce, "Maigida, raggon miji, kama muciya. Hannu ya juya, kunne ya sha." Sannan ta ce ga ta nan, mu ce ta zo mu ji ta, da ni da ƙanwata Ladi.

Wadda ta fi zama mini ita ce ta Sabulu. Wai Toka da Kitse, da kowa ke zubarwa bayan gida, suka yi aure suka haifi ɗa. Uwar ta sa shi a ƙwarya ta rufe, kada duniya ta taɓa mata shi. Yaro ya gaji da duhu, ya bi fatake.

Nan Iya take gyara zama, don mijinta fataucin goro ya yi har Gwanja da bakin teku, ya kwaso mata sunaye. "Sabulu ya je wurin Larabawa, suka ce masa Sabun. Faransawa suka toshe hanci suka ce Sabon. Agudawan bakin ruwa, waɗanda kakanninsu suka dawo daga ƙetaren teku, suka ce Sabawu. Ingilishi masu rowa suka gutsure shi, Sof. Jamusawan Togo kuwa, Zaife, kamar ana tsawata wa akuya." Ladi ta yi ta dariya har ta ƙware.

Da Sabulu ya dawo gida ya rame, ya zama ɗan tsito, ga baƙin sunaye a bakinsa. Toka ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Kitse ya ce a kawo ruwa. Aka tsoma shi, ya yi kumfa. Uwar ta fashe da kuka ta rungume shi.

Na ce, "Iya, ai ya ƙare. Da ya zauna a ƙwarya da yana nan da girmansa."

Ta ƙwace muciyar. "Kai dai ba ka da kai, maigida. Sabulun da aka ɓoye ɓera ke cinye shi. Gara ya ƙare a jikin mutane. Ƙurunƙus, tukunyata na kamawa."

Ni ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, na ɗauka duk ƙirƙirarta ce. Sai da Bashiru yana ƙarami ya dawo wata rana ya ce mushensu, malaminsu na lakwal, ya faɗa musu kalmar ɗaya ce a harsunan Turawa da yawa. Wai asalinta daga mutanen da ne na ƙasashen sanyi, masu dafa kitse da toka su shafa a gashi ya yi ja, daga baya ta zama sunan abin wanka. Na ce to, tsohuwa ba ta yi ƙarya da yawa ba. Har iyayen ta faɗa daidai.

Ba zan ce tatsuniya ta cire mini tsoro ba. Wani in ya tafi ya tafi ke nan, ko ruwa aka kawo ba kumfa. Amma na dubi kaina, na ƙare a ɗaukar buhunan auduga a tashar jirgi, bayana ya lalace, kuma ban taɓa jin haushin wanda ya sake ni na bar Jugu ba. Iya Gambo ce ta sake ni, tana zagina tana share ido da bakin zane. Allah Ya jiƙanta, Ya saka mata. Ta ba ni abin da ban san na karɓa ba sai da furfura ta fito.

Wani dare na kwana ina wannan tunani. Washegari da muka fito daga sallar asuba na riƙe hannun Bashiru a ƙofar masallaci, na ja shi gaban liman. Na ce, "Malam, yaron nan tafiya zai yi. Ka yi masa addu'a, ni na yi tawa."