Ranar da Anka Yi wa Maigidana Kaciya Bisa Cinyata

An haifi jikana shekarar da ruwa ya cinye hanyar Kebbe har masu babura sunka koma ratsa gonakin mutane, damana biyu bayan rasuwar malam, mijina. Uwarsa ta daɗe bisa gwiwa. Kafin a kai ta asibitin Tambuwal ta galabaita, shi kuma da ya fito bai yi kuka ba sai da anka yi ta fama. Daga baya likita ya ce jinkirin numfashin nan ya taɓa mashi ƙwaƙwalwa. Zama sai da jingina, magana sai wanda ya saba ke ganewa, ƙafafu kuwa in ya ji tsoro ko murna sai su miƙe su harɗe kamar almakashi. Da anka kawo min shi yaye ban mayar ba, ba a kuma tambaye ni ba. Maigida nika ce mashi, yadda kowace kaka ke yi.

Da sanyi ya shigo shekarar da tsaransa za su sha aska, sai na ji ana zancen yaran da za a tara gidanmu, shi babu. Na sa anka kira min ubansa.

"Inna, wanzami ya ce ba shi iyawa. In ƙafafun sunka harɗe aska na hannu fa? A bari shi ƙara girma."

"Girman mi? Gemu kake jira? Gobe in sunka yi sahu masallaci, shi ina zai tsaya, wajen mata?"

Na aika wa wanzamin, wanda na sani tun shina ɗaukar wa ubansa zabira. Da ya zo sai ya fara kawo nashi uzurin.

"Inna, ko ƙarti fuɗu sunka danne shi, ƙara sandarewa zai yi."

"Wa ya ce a danne shi? Ni nika mashi wanka kullum. Bisa cinya ake aza shi, bayansa ga ƙirjinki, a naɗe gwiwoyi zuwa ciki. Da kansu suke sakewa."

"To ai mata ba su zuwa wurin."

"Ka ga mace nan? Na bar wannan sana'a tun kana cikin tsumma."

Da safe bayan gida anka yi ta. Na kife turmi na zauna cikin maza. Ƙanen malam ya yi ta tari, na ce a ba shi ruwa. Wuyar aikin ita ce kada yaron shi firgita, kada kuma shi yi dariya, don duka biyu harɗe shi suke. Sai na sa baki ga kunnensa na shiga ba shi labarin ciwon bayana tun daga farko, wanda ba a taɓa samun mai jinsa bai yi hamma ba. Ban kai ga kwankwaso ba wanzami ya ce an gama. Ya yi kuka daidai misali. Ɗan maƙwabta mai ƙafafu lafiyayyu ne ya haure wanzamin ga haɓa.

Karan da ake ɗaura wa yara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta gogi miki, nashi bai kai azahar ba ya karya shi. Na naɗe muciyata da tsumma na ɗaura mashi. Gidan ya koma aron muciya har sunka warke.

Zaure guda anka ajiye su duka. Kowa zaune, ƙafa a buɗe, ba mai gudu, ba mai tashi sai an kama shi. Yaran sunka ga abin sabo, shi kuwa ya daɗe a ciki. Nan sunka koyi jin maganarsa, don ba inda za su. Ina kai mashi romon kaza na ji ɗayansu na cewa, "Kaka, cewa ya yi gishiri ya yi yawa." Na ce ban tambaye ku ba.

Wanzamin ya rasu, ƙanen malam ma haka, Allah shi jiƙansu. Ubansa da uwarsa na nan. Yaran zauren sun watse ci-rani, sai guda da ke kabu-kabu da babur tsakanin Jabo da Tambuwal, shi ke zuwa ranar Juma'a shi ɗaure shi ga bayansa da rawani su tafi masallaci. Maigidana na nan, ni ma ina nan.